Zanzaro Ya Rasu, Makullinsa Yana Wuyana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, ni Mai Labule, mai shagon ɗinkin da ke tsakanin mai gilashi da mai aski, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabtan shago rasuwar injina na huda bango, wanda aka fi sani da Zanzaro. Ina wannan sanarwa ne a madadin dukkan iyalan marigayi, ban da mutum biyu da za a ambata nan gaba. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyaran injuna, bayan gajeriyar jinya da dogon wulaƙanci. Ya cika ne da bakinsa a wangale, ko tsinken sakace ba ya iya riƙewa, shi da a kwanakin lafiyarsa in ya ciji ƙarfe sai dai bango ya ba da hanya.

Ina roƙon masu zuwa gaisuwa, don girman Allah, kada wanda ya ce mini kwana ne ya ƙare. Na san kwana yana ƙarewa, ba yau aka haife ni ba. Amma akwai kwanan da ke ƙarewa don kansa, akwai kuma wanda ake ƙarar da shi da guduma da ƙatuwar ƙusa. Wannan sanarwa za ta fayyace wanne ne ya samu marigayi.

Ga wanda bai san tarihinsa ba, kafin zuwansa ni mai ɗinki ce kawai. In ɗinka labule, in goge, in ninke, sannan in zauna jiran kafinta ya je ya kafa sandar da za a rataya shi. Kafinta ya ce ga shi nan a hanya, hanyar nan ta kai shi har sati mai zuwa. In ma ya je, ya kafa sanda a karkace, labule ya zubo gefe ɗaya yana sharar ƙasa, matar gida ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce ɗinkina ne bai daidaita ba. Na sha zagin da ba nawa ba har na ƙoshi. Ranar da wani kafinta ya shanya ni a falon mutane da labule a kafaɗa tun safe har la'asar, ban koma shago ba sai da Zanzaro a hannuna.

Ban iya shi a rana ɗaya ba. Duk mai son ganin makarantar da na yi, ya ɗaga madubin shagona, ramukan suna nan a baya, wasu sun kalli sama wasu sun kalli ƙasa. Kuma don kada a ce ba na faɗin alheri, maigidana, Baban Yara, shi ya riƙe mini tsani a aikina na farko, yana dariya yana cewa in na faɗo shi dai babu ruwansa. Daga baya har alfahari yake yi da ni a gaban abokansa. Na rubuta wannan ne don a san ba mutumin banza nake aure ba, kuma shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Marigayi ya kasance mai cika alkawari. Bai taɓa ce mini gobe ba, bai taɓa kashe waya ba, bai taɓa cewa babur ɗinsa ya yi faci ba. Bai damu da ko hannun mace ne ya riƙe shi ko na namiji ba, in dai an danna zai yi aiki. Ya yi wa baƙo hidima, ya yi wa na gida. Shi ya kafa katakon da Baban Yara ke jera takalmansa, shi ya kafa labulen falon yayan Baban Yara tun daga ƙofa har tagar baya, ko ruwan sanyi ba a ba mu ba, ba mu kuma ce komai ba. Yana da murya kala-kala, duk na san su. In ya samu bango mai laushi sai ya ce zuuuu, siririyar muryar da ta ja masa sunansa. In ya ci karo da kankare sai ya sauya, garrr-garrr-garrr, har haƙoran mutum su amsa. In ya gama kuma aka ɗaga yatsa, sai ya yi 'yar ajiyar zuciya, wiii, ya yi shiru, farar ƙura tana zuba a takardar da nake liƙawa a ƙasan rami don kada in ɓata wa mutane ɗaki.

Amma duk darajar marigayi a bakinsa take. Haƙora uku gare shi a cikin bakin nan, su ke rufuwa su cije tsinken huda, wato siririn ƙarfen nan mai murɗaɗɗen jiki da ke shiga bango. Ba da ƙarfin tsiya ake rufe su ba. Akwai ɗan makulli mai tsawon yatsa, da 'yan haƙoransa a kai, ana sa shi a ɗan rami a gefen baki, a murza a hankali, a koma rami na gaba a ƙara, har tsinke ya zauna cif a tsakiya. Makullin nan a wuyana yake kwana yake tashi, igiya ɗaya da ɗan almakashina na tsinke zare. Duk layin shagunanmu an san da haka. Kuma ba rowa ba ce. Mai gilashi ya sha ara, mai aski ya ara ya kafa talabijin, har mai kantin magani na tsallaken titi ya ara. Mutum zai zo ya yi sallama, ya ce don Allah a ba shi Zanzaro, in zare igiya daga wuyana in miƙa masa, in ce kada ka matsa masa, kada ka bar shi a ƙasa. Iyakar ladan hayarsa ke nan, a buɗe baki a tambaya. Ban taɓa hana kowa ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Asabar. Yaya, wato yayan maigidana da na ambata, ya tashi sa tayil a banɗakinsa, ya kuma ce ba zai ɗauki magini ba tunda ya ga yadda ake yi a waya. A wayar nan ne ya ga wani yana kwaɓa siminti da injin huda. Sai ya tako har gidana, ina shago, ya ce wa ƙanensa ya ba shi injin nan na matarsa. Baban Yara ya shiga ɗakina, ya sauko da jakar marigayi daga bayan ƙofa, ya miƙa, ya kuma bi shi don ya taya aiki. Daga gidanmu zuwa shagona, in ka ɗora ruwan shayi ka tafi, za ka dawo bai tafasa ba. Su biyun kuma kowa da waya a aljihu, lambata tana ciki.

Abin da ya faru a gidan Yaya, facalata ce ta ba ni labari daga baya, wato matarsa, wadda ta gani da idonta. Na yi mata alkawarin ba zan faɗi sunanta ba, ga shi kuwa ban faɗa ba. Ta ce Yaya ya lanƙwasa guntun rodi, ya cusa a bakin marigayi, ya murza da hannu, rodi ya ƙi zama. Ya zazzage jaka yana neman makulli. Ƙanensa ya sosa ƙeya ya ce, "Af, Yaya, ai makullin yana wuyanta. Bari in kira ta."

Yaya ya ce, "Ka kira ta ka ce me? Ni in je in tsaya a gaban matar ƙanena ina roƙon makulli? Kai, miƙo min gudumar can."

Aka miƙo guduma. Aka kafa ƙusa a kan 'yan haƙoran da makulli ke kamawa, aka yi ta bugu har baki ya cije rodi don dole. Sannan aka tsoma shi a bokitin siminti har wuya, aka danna. Facalata ta ce kukan da ya yi ba ta taɓa jin irinsa ba, wani gwooo-gwooo ne daga can cikin ciki, jikinsa ya yi zafin da ba a iya riƙewa sai da tsumma, su kuwa suna ta yaba ƙarfinsa. Da aka gama aka sake sa guduma aka kwance rodi, aka goge masa jiki. Simintin da ya shige tsakanin haƙora kuwa aka bar shi ya bushe a can.

Masu iya magana sun ce girman kai rawanin tsiya. Ban taɓa sanin ana naɗa wa mutum biyu rawani ɗaya ba sai a gidanmu.

Da Baban Yara ya ga baki ya ƙi rufuwa, maimakon ya zo ya gaya mini, sai washegari ya buɗe asibiti a lungun da yake ajiye babur. Wannan sashe ba wanda ya ba ni labarinsa. Kwalbar man girkina mai shatin baƙaƙen yatsu, da filayarsa da na tarar a ƙasa, da gawar kanta, su suka ba da shaida. Ya fara da man girkin, ya ɗura masa. Bai yi ba, ya ƙara da baƙin mai. Bai yi ba, sai ya yanke shawarar tiyata, zai cire kan injin gaba ɗaya ya wanke. To a can cikin maƙogwaron injin akwai wani ɗan sukuru da ke riƙe kai, kuma shi ba kamar 'yan uwansa yake ba, a baibai ake kwance shi: inda kowa ke murzawa don a kwance, shi ɗaurewa yake yi. Ni na san haka, don mai gyara ya taɓa nuna mini sa'ad da na kai shi wanki. Mijina bai sani ba, wadda ta sani kuma tana ɗaki tana guga, bango ɗaya ne tsakaninsu. Ya yi ta murzawa yana ƙara ɗaurewa har kan sukurun ya cinye. Da ya ga haka sai ya shaƙe wuyan marigayi da filaya, shi ma ya ɗauko guduma, da yake abin gado ne. Garin gyaran gira aka rasa ido. Ya goge shi tas, ya mayar jaka, ya rataye a bayan ƙofa, ya zo ya ci abinci har da ƙari.

Ranar Litinin na tafi aikin da na daɗe ina roƙon Allah ya ba ni, wani sabon ɗakin taro mai dogayen tagogi, an gama masa fenti fari ƙal. Mai wurin, wata mata mai yawan tsaki, tun farko wani kamfani ta so ta bai wa. Ni na lallashe ta, na ce ɗinki da kafawa duk a hannuna suke, ba za ta jira kowa ba. Da na buɗe jaka na ga an naɗe wayar wutar marigayi tamau kamar an ɗaure akuya, ni kuwa sakwa-sakwa nake naɗe ta, amma na ce ƙila yara ne suka taɓa. Na sa tsinke, na sa makulli. Makulli ya zame, na sake, ya ɗan kama. Na hau tsani, na ɗora tsinke a kan alamar fensir, na danna.

Marigayi ya ce kaf-kaf-kaf-kaf, muryar da ban san shi da ita ba. Tsinke ya yi rawa, ya bar alama, ya yi tafiyarsa a kan sabon fenti, ya zana tabo mai tsawon hannuna, sannan ya kuɓuce daga baki ya faɗi ƙasa, tal. Masu fenti da masu haɗa wuta suka bar aikinsu suka ɗaga kai. Mai wurin ta zo ta tsaya a gindin tsani, ta dubi bango, ta dube ni, ta ja tsaki ta ce, "Ai dama na faɗa. Baiwar Allah, sauko haka nan. A nemo min namiji ya kafa."

Na sauko. Shekara da shekaru ina gudun wannan magana, ga ta ta same ni a kan tsani a gaban mutane, kuma maza biyu na gidana ne suka aiko mini da ita. Ban yi kuka a wurin ba, na haɗiye abina har bakin titi. Labulen da na ɗinka yana can, wani kafinta ya rataya, na ji an ce gefe ɗaya yana sharar ƙasa.

Washegari na garzaya da shi wurin mai gyaran injuna, wanda muke kira Likita. Ya juya shi, ya leƙa bakin da fitilar waya, ya sa siririn ƙarfe ya ƙwaƙulo busasshen siminti da ya cakuɗe da mai, ya shinshina. Ya ce, "Mai Labule, wa ya soya miki inji?" Ya ce da tun ranar da siminti ya shiga aka kawo masa, da wanki kawai za a yi. Da haƙoran ne kaɗai suka lalace, da an sauya kai, ana samunsa a kasuwa. Amma sukuru ya cinye, sandar da kan ke zaune a kanta kuma ta lanƙwashe, ko an sa sabon kai rawa zai yi ta yi. Ya jona shi a wuta don mu ji ta bakinsa. Marigayi ya ce kaf, kaf, ya yi warin ƙuna, ya yi shiru, ba tare da 'yar ajiyar zuciyar nan tasa ba. Likita ya zare waya, ya naɗe ta sakwa-sakwa yadda ya kamata, ya ce in yi haƙuri.

Na kawo gawa gida na kwantar a kan teburin falo. Baban Yara ya shigo ya gan ta, ya ce, "Ayya, me ya same shi? Ko tsufa ne?" Na ce a'a, Likita ya ce siminti ya ci. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, nan take ya tuna yana da uzuri a waje. Yaya kuwa aike ya yi a gaya mini wai kayan yanzu dama ba su da ƙwari.

Marigayi ya rasu ya bar tsinkayen huda manya da ƙanana a cikin gwangwanin alewa, babu mai riƙe su. Ya bar tsani, abokin tafiyarsa, da jakarsa da har yanzu take warin man girki. Ya bar ramuka a gidajen da ban san adadinsu ba, kowanne riƙe da sandarsa, ba a taɓa kirana an ce ɗaya ta faɗo ba. Ya bar banɗaki guda mai sabon tayil, wanda nake fata mai shi zai riƙa tuna marigayi duk lokacin da ya shiga. Ya kuma bar maraya ɗaya, ɗan makullin nan, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinsa, don ba wanda ya zo ya roƙe shi.

Da a nan sanarwa za ta tsaya, sai jiya da yamma Baban Yara ya shigo da kwali a hammata, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Ya ajiye a gefen gawa. Allah ya sani zuciyata ta yi sanyi, na ce to, yau zai buɗe baki. Ba inji nake jira ba. Magana ɗaya nake jira tun ranar Talata, ya ce mun ɗauki kayanki ba mu tambaye ki ba. Ya farke kwali, ya fito da sabon inji, ja, yana sheƙi. Ya kama bakinsa ya murza da hannu, ƙar-ƙar-ƙar, haƙora suka rufe.

Ya ce, "Kin gani? Na zamani ne. Wannan ba ya buƙatar makulli sam. Ni da Yaya muka zaɓo shi."

Na tsaya ina kallonsa. Wato mutanen nan sun zauna, sun yi shawara, sun binciki musabbabin mutuwar, sun gano ashe laifin makulli ne. Ba guduma ba, ba siminti ba, ba bakin da ya yi nauyin tambaya ba. Suka taka har kasuwa, nisan da shagona bai kai ko kusa ba, suka nemo wanda za a iya ɗauka ba a bi ta kaina ba, suka kawo mini a kwali ana jira in yi godiya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Na yi godiyar, tunda an yi mini tarbiyya a gidanmu. Da gari ya waye na wuce wurin mai walda.

Za a yi jana'izar marigayi ranar Asabar da hantsi, daidai lokacin da aka sauke shi daga bayan ƙofa. Kafin nan zai ci gaba da kwanciya a teburin falo, kowa ya ci abinci yana kallon bakinsa. Za a taso daga nan, a bi ta layin shaguna don maƙwabta su yi bankwana, a kai shi wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Masu ɗaukar gawa biyu ne, sun kuma san kansu. Tunda sun iya ɗaukarsa da ransa ba a sa su ba, ba zai gagare su a mace ba. Ba za a haƙa masa rami ba. Wanda ya yi wa rabin gari rami, shi bai samu ko ɗaya ba. Ana roƙon kada kowa ya zo da guduma, ko da a aljihu ne.

Zaman gaisuwa a shagona ne, tsakanin mai gilashi da mai aski. Masu zuwa za su ga sabon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburin yanka, da ƙaton kwaɗo a jikinsa. Baƙon nan ja yana ciki. Gaskiya ne shi ba ya buƙatar makulli, amma akwatinsa yana buƙata, na kuma gwada kwaɗon da guduma a gaban mai walda, ko motsi bai yi ba.

Makullin kwaɗon yana igiya ɗaya da marayan, a wuyana. Ban taɓa hana kowa ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Duk mai son aro, yaya ne ko miji, ya san inda zai zo ya tsaya. Daga wuyana zuwa kunnena babu nisa.